Harshen Injiniya Da Kunnen Mai Diga

A ƙarshen daminar bara wani tsohon ɗalibina ya kira ni bayan magariba, muryarsa na rawa. Yana kula da aikin magudanar ruwa a wata unguwa cikin Birnin Kebbi, sai bangon ramin da suke haƙa ya zaftare a kan lebura guda. Da yake yana da sauran kwana, ƙasar ta tsaya masa iya ƙirji. Abokan aikinsa suka tone shi da hannu da shebur, aka kai shi asibiti da karaya a ƙafa da haƙarƙari.

Washegari na je wurin. Zurfin ramin ya ɗan haura mita 2, bangonsa a tsaye cak kamar an yanka da wuƙa, ƙasar da aka tono kuma an jibge ta a bakinsa. Na tambayi ɗalibin nawa ko tsarin aikin bai tanadi kariya ba. Ya buɗe takarda ya nuna mini inda aka rubuta ɓaro-ɓaro da Turanci cewa a yi "shorin". Na juya ga shugaban leburorin, dattijo mai furfura, na ce, "Baba, an gaya maka a yi shorin?" Ya ce, "An faɗa, Malam. Ni na ɗauka wani abu ne da ake yi in an gama haƙa, kafin a zuba kankare." Na ce, "Da an ce maka a tokare bangon da katako fa?" Ya dube ni cikin mamaki ya ce, "Haba Malam! Wa zai tura ɗan mutane cikin ramin da aka ce yana son tokari, bai tokare ba?"

Tun daga ranar nan nake juya maganar a raina. Injiniya ya san haɗarin, ya rubuta shi. Dattijo ya san maganinsa, ya shekara talatin yana yi. Abin da ya raba su kalma ɗaya ce.

Ina koyar da ilmin ƙasa da harsashin gini, kuma a cikin darussana akwai babin haƙa hanya a ƙarƙashin ƙasa, wato abin da Turawa ke kira tanel. Kowace shekara sai an sami ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina tanel a Jihar Kebbi?" Tambayar tana bisa hanya. Ba mu da tsaunukan Suwizalan, inda aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta Gotthard mai tsawon kilomita 57 a shekarar 2016, ba mu da teku irin wanda ya raba Ingila da Faransa, wanda aka ratsa ƙarƙashinsa da hanya mai kimanin kilomita 50 a 1994. Sai dai amsar da nake ba su ita ce, su leƙa bayan gidajensu. Mai gina rijiya, da mai yasarta, da mai haƙa salga, da mai binne bututun ruwa, da mai dasa kwalbati a ƙarƙashin titi, da matashin da ke bin jijiyar zinariya a ƙasar Yawuri, dukkansu aikin ƙarƙashin ƙasa suke yi. Ƙasar da ke danne mutum a mita 3 ba ta tambayar sunan aikin. Ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri da za ta ratsa jiharmu, wadda ba za ta ƙetare fadama ba sai da ɗimbin kwalbatoci da harsasan gadoji, kuma 'ya'yanmu ne za su sauka cikin ramukan.

Bari mu fara da sunan abin kansa. Kafafen yaɗa labarai na cewa "hanyar ƙarƙashin ƙasa", kalma uku, wadda ba wanda zai tsaya furta ta a bakin aiki. "Rami" ya yi faɗi, domin ya haɗa na ɓera da na mugunta. "Kogo" halitta ce, ba aikin hannu ba. Kanawa, da aka gina musu titin da ke nutsewa ƙarƙashin wani a Gadon Ƙaya da Kabuga, ba su jira wani kwamiti ba, suka ce "gadar ƙasa", kishiyar gadar sama, kuma sunan ya zauna daram. Alhazanmu kuwa sun san abin da idonsu, domin duwatsun Makka cike suke da irin waɗannan hanyoyi, Larabawa na kiran kowace ɗaya nafaƙ. Abin sha'awa, malaman lugga sun ce daga wannan tushe kalmar munafuki ta fito: akwai wani ɓeran hamada da ke yi wa raminsa ƙofa biyu, in an tare shi ta nan ya ɓulle ta can. Ashe mun daɗe da aron ɗan kalmar, muka bar uwar.

Ni a ajina abin da nake amfani da shi ya fi wannan sauƙi: ramin tsaye da ramin kwance. Rijiya ramin tsaye ce. Wanda ya ratsa tudu ya ɓulle ɗaya gefen ramin kwance ne. Masu haƙar kuza a Jos suna da kalmar loto ga ramin da ake sauka tsaye sannan a bi ma'adini a kwance, ita ma ta cancanci shiga littafi. Sauran sassan ba su da wuya, domin Turawan ma daga jikin mutum da ɗaki suka aro nasu: inda ake shiga baki ne, inda diga ke sara goshi ne, sama rufi, ƙasa daɓe. Ƙasar da ke bisa rufin har zuwa doron duniya kuwa ina kiranta danni, saboda abin da take yi ke nan. Mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi na ƙasa yana kai nauyin tan ɗaya da rabi zuwa biyu, wato buhun siminti 30 zuwa 40. Idan na faɗi haka a aji sai in ga ɗalibai sun gyara zama. Wanda ƙasa ta rufe zuwa ƙirji ba ya iya buɗe huhunsa, ko da kansa na waje yana kallon masu ceto.

Inda na fi son mai karatu ya dakata shi ne batun halin ƙasa, domin nan ne ilmin boko da na gado suka yi kiciɓis. A shekarar 1950 Karl Terzaghi, wanda ake ɗauka uban ilmin ƙarfin ƙasa na zamani, ya fitar da rabe-raben ƙasa mai laushi domin masu haƙa ramin kwance. Bai raba ta bisa launi ko sunan kimiyya ba. Ya raba ta bisa abin da take yi idan an buɗe cikinta, kuma ya ɗauko kalmomin daga bakin leburorin da ke cikin rami, har sunan jadawalin ma nasu ne. Daga baya aka taƙaita shi zuwa manyan halaye shida, kuma har gobe da su ake koyarwa a jami'o'in duniya.

Da na gane haka sai na ɗauki littafin rubutu na tafi wani ƙauye kusa da Argungu, wurin wani tsoho da ya gina rijiyoyi fiye da yadda zai iya ƙirgawa, tun daga tudu har gangaren fadama. Ban karanta masa komai ba. Na ce kawai, "Baba, ƙasa iri nawa ce a wurin mai gina rijiya?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ƙasa kamar mutane take." Ya ce akwai mai tsayuwa, irin marmara, wadda za ka gina gaba biyar ba ta ce maka uffan ba. Akwai mai marmashi, wadda za ta yi shiru da safe, da azahar ta fara jefo maka ɓarɓashi a ka, in ka ga haka ka fita. Akwai rairayi busasshe mai zuba kamar gero daga buhun da ya huje. Akwai wanda ya sha ruwa, mai malala kamar kunu, ka kwashe kwano ɗaya biyu su dawo, wani lokaci ma ta ƙarƙashin ƙafarka yake ɓullowa. Akwai laka mai matsi, wadda ba ta faɗuwa amma kullum ka dawo sai ka tarar rijiya ta ƙara tsukewa. Akwai kuma yumɓu mai kumburi in ya ji ruwa, mai fasa zoben kankare. Na ƙirga a yatsuna, shida cif, kuma su ne na Terzaghi, ɗaya bayan ɗaya. Tsohon nan bai taɓa zama a aji ba. Na rufe littafina ina jin kunya, domin na shekara goma sha ina sa ɗalibai haddar waɗannan halaye da Turanci, alhali ga su da Hausa a nesan da bai kai tafiyar sa'a biyu daga ofishina ba.

Maganarsa ta ƙasa mai shiru da safe ita ce wata babbar ƙa'ida da wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Lauffer ya tsara a 1958: kowace ƙasa tana da tsawon lokacin da za ta iya tsayawa ba tokari bayan an haƙa ta, kuma gwargwadon faɗin ramin, gwargwadon gajartar lokacin. Na fassara wannan da wa'adin tsayuwa. Dutse mai ƙarfi wa'adinsa shekaru ne, rairayin fadama ba ya kai minti. Wannan kalma ita ce ta fi kowace muhimmanci a duk babin, domin ita ce amsar hujjar da ke kashe mutane, wato "ai tun jiya yake tsaye, bai faɗi ba". Ramin Birnin Kebbi da na ba da labari kwana biyu ya yi a tsaye. Aka yi ruwa da dare, ƙasar da aka jibge a bakinsa ta jiƙe ta ƙara nauyi, wa'adi ya cika. Dokokin aiki na ƙasashe da dama sun wajabta tokari, ko a kwantar da bangon ya yi gangare, da zarar zurfi ya wuce mita 1.2 zuwa 1.5, kuma a nisanta tulin ƙasa daga baki. Zurfin nan bai wuce ƙirjin mutum ba.

Dole a faɗi wani abu game da ƙasar da muke takawa, domin ita ke sa waɗannan kalmomi su zama namu. Birnin Kebbi da Argungu suna zaune ne a kan shimfiɗar rairayi da yumɓu masu hawa-hawa, wadda masana suka raɗa wa sunan Gwandu. A ƙarƙashinta akwai farin dutsen da suka kira Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato, sannan Dange da Wurno da Dukamaje da Taloka, can ƙasa kuma Illo da Gundumi. Sunayen garuruwanmu ne zalla a littattafan ilmin ƙasa na duniya. Binciken da Anderson da Ogilbee na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka suka wallafa a 1973 ya nuna cewa a shimfiɗar Gwandu akwai ruwan da yumɓu ya danne, wanda in an huda murfinsa a kwarin gulbi yakan taso da kansa. Ga mai neman ruwa wannan albarka ce. Ga mai haƙa harsashin gada kuwa jarrabawa ce, domin ruwan da ke turowa daga ƙasa yana ɗaga rairayi har ya rasa ƙarfin ɗaukar komai. Injiniyoyi na cewa daɓen ya "tafasa", kuma duk wanda ya taɓa gani ya san kalmar ta dace. Manoman shinkafa na fadamar Argungu, waɗanda ke nutsa bututu da ƙarfin ruwa domin noman rani, wannan halin rairayin suke mora ba tare da sun kira shi da suna ba. Maganinsa a wurin gini shi ne a riga shi: a kewaye wurin da ƙananan rijiyoyi a janye ruwan ƙasa kafin a fara haƙa. Na kira wannan rage ido, tunda magina rijiya idon ruwa suke cewa. Wani abokin aikina ya ce sunan ya yi kama da ciwon ido, mun bar shi a haka sai an sami wanda ya fi shi.

Harshenmu ma ya riga mu gane wani abu. Bahaushe na cewa gina ɗaki, yana kuma cewa gina rami, kamar yadda ya zo a karin maganar nan ta ramin mugunta da aka ce a gina shi gajere. A nan yammacin ƙasar Hausa ba ma cewa komai sai gina rijiya. Fi'ili ɗaya ga ɗorawa da tonowa. Duk tarihin wannan fanni bai wuce ƙoƙarin haɗa biyun nan wuri guda ba, wato a riƙa gini ana cikin haƙa. Marc Brunel, Bafaranshen da ya zauna Ingila, ya lura da wata tsutsar teku da ke huda katakon jirgi tana shafe bangon hudar da wani abu mai tauri a bayanta. Daga nan ya ƙirƙiro garkuwar ƙarfe a 1818: leburori na cikinta suna sarar goshi kaɗan-kaɗan, magina na binsu a baya da tubali. Da ita aka ratsa ƙarƙashin kogin Landan daga 1825 zuwa 1843, tsawon da bai kai mita 400 ba, shekara 18, kogin kuma ya fasa musu ciki ba sau ɗaya ba. Manyan injunan yau masu kai mai juyawa jikokin wannan garkuwa ne. Mu ba mu buƙatar tsutsar teku, gara ta ishe mu misali, ita ma ba ta tafiya sai tana yaɓe hanyarta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Brunel ya fara aikin: ya gina katafaren zoben tubali a doron ƙasa, aka riƙa kwashe ƙasar cikinsa yana nutsewa da nauyin kansa. Haka tsohon nan na Argungu ke ratsa rairayi mai malala da zoben kankare, yana tono daga ciki, zobe na sauka, ana ɗora wani a kai. Rufin ramin kwance kuwa da ake lanƙwasawa domin nauyi ya gangara gefe, ai shi ne baka da ɗaurin guga na maginan gargajiya, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure masallacin Juma'a na Zariya da shi a ƙarni na 19.

Saura iska, wadda ta fi ƙasa kisa a ɓoye. Ba wanda ya girma a ƙasar nan bai ji labarin rijiyar da ta cinye mutum biyu ko uku a jere ba: na farko ya sauka yasa ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi, maƙwabci ya bi su. Sai a ce rijiyar tana da mutanen ɓoye. Ba na jayayya da kowa a kan gaibu, amma abin da ake iya aunawa shi ne, iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata ne ke rayar da mu, kuma da zarar ya sauka ƙasa da 19 da rabi masana lafiyar ma'aikata na ɗaukar wurin a matsayin haɗari. A tsohuwar rijiya wata iska mai nauyi kan kwanta a ƙasa kamar ruwa ta kore mai amfanin. Magabata na zura fitila da igiya, in ta mutu ba mai sauka, sai an yi ta jan ganye sama da ƙasa an motsa iskar. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka biyu da ya wajaba a sani. A salga da ramin ƙazanta akwai iska mai kamawa da wuta, fitila can musiba ce. Sannan hayaƙin injin jan ruwa, wanda yanzu ake saukarwa cikin rijiya ko a ajiye a bakinta, yana ɗauke da guba marar wari wadda fitila ke ci lafiya lau a cikinta, mutum kuwa ya sulale. Wannan sabon haɗari ne da ilmin gado bai san shi ba, kuma nan ne boko ke da abin bayarwa. Ko manyan ayyuka ba su tsira daga matsalar iska ba. A ranar 2 ga Yulin 1990 alhazai 1,426 suka rasu a turmutsitsin da ya auku cikin ramin Mu'aisim da ke kaiwa Mina, inda cunkoso ya haɗu da zafi da ƙarancin numfashi. Muna buƙatar sunaye daban-daban ga waɗannan iskoki: mai kashe fitila, mai kama wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da ta hayaƙin inji. Kalmar "gas" da ake yi musu jam'u da ita ba ta gaya wa kowa abin da zai yi.

Na san akwai masu ganin wannan ɓata lokaci ne. Wani abokina, injiniya mai dogon hannu a harkar kwangila, ya ce mini Turanci ne harshen zane da lissafi da jarrabawar ƙwararru, ɗalibin da aka shayar da "wa'adin tsayuwa" zai sha kunya a Legas. Gaskiyarsa, kuma ban ce a fassara lissafi ba. Ɗalibina ya san Turancinsa sarai, ai shi ya rubuta shorin. Abin da ya rasa shi ne rabin na biyu, wato yadda zai sauke kalmar daga takarda zuwa kunnen mai diga. Wasu kuma, daga ɓangaren masana harshe, suna son a zauna a ofis a ƙera kalmomi masu tsabta. Su ma ina da ja da su. Kwalbati da kankare da siminti da rodi da shebur duk baƙi ne, sun zauna sun zama 'yan gida, ba mai korarsu. Kalmar da za a ƙera sabuwa ita ce wadda aka nema a bakin masu sana'a aka rasa, kuma ba ta zama kalma ba sai ranar da shugaban leburori ya daka wa yaronsa tsawa da ita.

Kayan aikin suna nan. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin sana'a da na karin harshen Sakkwato da Kabi waɗanda matasa suka manta, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da Jami'ar Tarayya a Kalgo, da jami'ar jiha a Aliero, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, wato injiniyoyi da malaman Hausa a cikin jiha ɗaya, waɗanda ba kasafai suke shan shayi tare ba. Abin da nake roƙo bai kai girman ƙamus ba. Takarda ce mai shafi huɗu, kalma hamsin ko sittin, kowace da zanenta, wadda za a manna a wurin aiki a kuma karanta a rediyo kafin rani, lokacin da ake yasar rijiyoyi. Ma'aikatar ayyuka na iya sa ta cikin sharuɗɗan kwangila, yadda ake sa hular kwano.

A nawa ɓangaren na fara da abin da ke hannuna. Bana kowane ɗalibin aji huɗu sai ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya bayyana haɗarin rami da Hausa, ko Zabarmanci, ko Dakarci, ko Fulatanci, cikin minti uku, ba tare da ya jefa kalmar Turanci ba. Waɗanda suka fi kowa maki a rubuce su suka fi yin gumi. Na kuma koma wurin tsohon nan na roƙe shi ya karɓi ɗalibai goma in rani ya yi, su zauna su rubuta duk abin da zai faɗa. Ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu: su zo da goro, kuma kowannensu sai an ɗaura masa igiya ya sauka aƙalla gaba uku, domin akwai ƙarar da ƙasa ke yi gab da za ta zuba wadda shi ma bai san sunanta ba, sai dai ya nuna musu.